Dawo da Bidi kan aiki bayan wata huɗu a turke

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau wata huɗu cif rabon dokina Bidi da sirdi. Likita ne ya ce in riƙa rubuta abin da ake yi masa kullum: minti nawa, a kan wace irin ƙasa, da yadda ƙafar ta kwana. Ni ma na san halina, in ban rubuta ba zan yi ta yi wa kaina rangwame.

Asalin abin tun farkon Satumba ne. Ƙanena ya ɗauke shi hawan angwancin wani abokinsa a Tudun Wada. Samari ne, ga kiɗa, ga 'yan kallo. Aka sake shi a kan kwalta, aka ja zamiya sau biyu ko uku. Da gari ya waye ƙafar gaba ta hagu ta kumbura ta baya, daga ƙasan gwiwa zuwa wuyan ƙafa, in ka ɗora hannu sai ka ji ɗumi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Likita ya ce jijiya ce ta ja, amma ba ta tsinke ba. Baba, wanda ke kula da bargarmu tun zamanin mahaifina, ya so a yi masa lalas, wato a ƙona wurin da ƙarfe mai zafi. Na ƙi, muka yi kwana uku yana amsa gaisuwata da kai. Wata biyu na farko dokin na turke, biyun bayan kuma ana zagayawa da shi tsakar gida minti biyar zuwa goma.

Yau likita ya matsa jijiyar daga sama har ƙasa, dokin bai ɗaga ƙafa ba. Ya sa aka ja shi gaba da baya, babu ɗingishi. Ya ce a fara. Sai dai Bidin da ke gabana ba shi ne na bara ba. Ciki ya fito, cinyoyi sun zube, ƙashin baya ya tashi. Mun auna shi da tef ɗin tela: zagayen ƙirji santimita 163, tsawo daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu 150. Likita ya ninka zagayen da kansa, ya ninka da tsawon, ya raba da 11,880, ya fito wajen kilo 335. Da wannan za a riƙa auna magani da abinci. Harawa da ciyawa kusan kilo 7 a rana, dusa kaɗan, dawa kuma ɗan abin da bai kai rabin kwano ba, sai aiki ya ƙaru.

Tsarin da ya ba ni: mako uku ja da hannu, mako uku hawa amma tafiya zalla, daga nan sassarfa minti biyu, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Na lissafa, ƙaramar Sallah za ta zo ƙarshen Maris, mako goma sha biyu ke nan. Na tambaye shi ko za mu samu hawa. Ya ce, “Alhaji, numfashi da tsoka cikin makonni suke dawowa, jijiya kuwa sai watanni. Dokin zai nuna maka ya warke tun jijiyar ba ta gama ɗinkewa ba. Kada ka biye masa.”

Kuɗin likita N15,000.

Laraba, 8 ga Janairu

Ranar gyara. Mai yankan kofato ya zo. Kofaton gaba sun yi tsawo sun baje, kuma tsawon nan ƙara wa jijiya ja yake yi duk takun da ya yi. Hunturu ya busar da su har sun fara tsagewa ta gefe, Baba ya ce a riƙa shafa man kaɗanya da yamma. An ba shi maganin tsutsar ciki, ivermectin, daidai nauyinsa. Likita ya goge masa turamen haƙora da suka yi kaifi, shi ya sa ashe nake ganin ƙwayar dawa ɗungurungum a kashinsa.

Kofato N4,000, maganin tsutsa N7,500, haƙora N10,000, man kaɗanya N2,000.

Asabar, 11 ga Janairu

Ja da hannu minti 15 safe, 15 yamma. Ƙafa sanyi ƙalau.

Asabar, 18 ga Janairu

Minti 25 yanzu, kuma mun fara fita waje. Doki mai wata huɗu a ɗaure ba ya fita da hankalinsa. Ranar Talata wani mai babur ya wuce mu da gudu, Bidi ya miƙe da ƙafa biyu, ya fizgi ragamar har ta goge wa Baba tafin hannu. Abin da na ji tsoro shi ne saukowarsa a kan ƙafar nan. Allah ya kiyaye. Ragama ba ta riƙe shi, linzaminmu na gargajiya kuwa ya yi masa tsanani a wannan hali, ɗan ja kaɗan sai ya ƙara tashi sama. Na aro linzami mai gaɓa a tsakiya irin na 'yan folo wajen wani abokina, da shi muke jan sa. Ni ne ma na karɓi jan, Baba ya tsufa da kokawa da ingarma, ko da yake ba zai taɓa yarda a faɗa a gabansa ba.

Bidi ya fara tari da safe. Ƙurar harawa ce da hazo. Ana yayyafa wa harawar ruwa kafin a zuba masa, tarin ya ragu cikin kwana biyu.

Asabar, 25 ga Janairu

Na hau. Da aka ja majayi ya kumbura ciki ya ƙanƙame baya, sai da aka zagaya da shi sau uku kafin na sa ƙafa a likkafa. Minti 20, tafiya kawai, a hanyar gona mai laushi. Ina jin sa a ƙarƙashina kamar kwalbar lemo da aka girgiza. Da muka dawo Baba bai ce komai ba, ya dai tsuguna ya shafa ƙafar hagu, ya shafa ta dama, ya sake komawa ta hagu. Haka ake yi, ƙafa ɗaya ba ta gaya maka komai sai ka gwada ta da 'yar uwarta.

Laraba, 29 ga Janairu

Hawa huɗu kacal, baya ya samu matsala. Da aka cire sirdi jiya na ga gashi ya kwashe a ƙashin gindin wuya, daidai inda geza ta ƙare, faɗin kwabo, fatar ta yi ja tana tsatstsafo da ruwa. Laifina ne, da idona na ga bayan ya rame amma ban kawo a raina cewa sirdin da ya zauna masa daram bara yanzu zai sauka ya danne ƙashi ba. Sirdinmu na Hausa katako ne, naman baya ne ke ɗauke shi. Naman kuwa babu.

An wanke da ruwan gishiri an sa magani. Na kai sirdin wajen mai gyara a cikin birni ya ƙara masa cushe ta ƙasa, na sayi sabuwar zubka mai kauri. Har wurin ya bushe mun koma ja da hannu. In an dawo hawa zan yi amfani da ƙaramin sirdi mara nauyi na abokin nan nawa, namu sai baya ya ciko.

Gyaran sirdi N12,000, zubka N9,000, magani N3,500.

Talata, 4 ga Fabrairu

Miki ya bushe. Hawa minti 25. Lafiya.

Talata, 11 ga Fabrairu

Jiya na ɗauka na rasa dokin nan.

Ranar Alhamis aka yi mana rasuwa a Kaduna, na tafi ban dawo ba sai daren Lahadi. Ashe a kwanakin nan Baba na kwance da zazzaɓi, ba wanda ya fitar da Bidi ko nan da ƙofar gida. Ƙanena, da ke neman hanyar wanke laifinsa na Satumba, ya karɓi ba shi abinci, ya riƙa cika masa kwano da dawa safe da yamma. Ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba.

Litinin da sassafe na ɗaura sirdi muka kama hanyar Kufena. Da farko har daɗi nake ji, yana taku da ƙarfi yana wasa da linzami. Wajen minti goma sha biyar sai na ji takun baya ya gajarta, kamar mai tafiya da dabaibayi. Na ɗan taɓa shi da dunduniya, ya yi taku uku ya tsaya cak. Na sauka. Ana sanyin nan na safe amma gumi na zuba daga wuyansa da ƙirjinsa, hanci a buɗe, jiki na rawa. Na ɗora hannu a cinyarsa ta baya na ji ta tauri kamar turmi. Na duba ƙafar gaba, ita lafiyarta ƙalau.

Zatona ciwon ciki ne, wanda aka saba cewa a yi ta jan doki kada a bar shi ya kwanta. Har na fara jan sa. Allah ya sa na kira likita tukuna. Yana jin bayanin cinyar ya tambaye ni, “Kwana nawa bai fita ba? Me aka ba shi?” Na kira gida, a nan na ji labarin dawa. Ya ce kada in ƙara matsar da shi ko taku ɗaya, in cire sirdi, in rufe masa ƙugu da wani abu. Na tuɓe rigar sanyina na yafa masa. Wani manomi, Allah ya saka masa da alheri, ya kawo ruwa a bokiti. Muna nan tsaye gindin darbejiya fiye da awa ɗaya kafin ya yi fitsari, fitsarin ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta.

Likita ya iso ya yi masa allura, muka samo mota aka loda shi da ƙyar, a gida aka yi masa ƙarin ruwa har la'asar. Bayaninsa shi ne, doki in yana tsaye ana ɗura masa hatsi, ranar da aka fitar da shi tsokar ƙugu da cinya kan ɗaure ta fara lalacewa, abin da ke fita daga tsokar shi ke rina fitsari, kuma yana iya taɓa ƙoda. Jan da na fara yi masa ƙara ɓarna ne. Ya ce Turawa ciwon safiyar Litinin suke kiransa, don dawakan aiki da suka huta Lahadi aka cika su da hatsi shi ke kama su. Namu ma ranar Litinin ɗin ya zo, abin dariya in ba a kanka ya faru ba.

Da dare ƙanena ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗaki. “Yaya, wallahi gani na yi ya rame.” Na buɗe baki zan yi faɗa sai na tuna ni ne na tafi kwana huɗu ban bar wa kowa bayani ba. Yau na rubuta awon abincin da alli a bangon barga, na ƙara da manyan baƙi: ranar da bai fita ba, babu dawa.

Likita da ruwa da allurai N48,000, mota N15,000.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Fitsari ya washe tun Laraba. Harawa da ruwa da ɗan gishiri kawai. Baba ya samu sauƙi, ya dage sai an jiƙa wa dokin jar kanwa, likita ya ce kaɗan ba laifi. Bidi na shan ruwa bokiti biyu da rabi zuwa uku a rana. Ja da hannu minti 10.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An dawo hawa, minti 20. Mako biyu muka yi asara, da yanzu mun fara sassarfa. An sake yanke kofato, N4,000.

Likita ya koya mini jin bugun zuciya a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda wata jijiya ke gittawa kan ƙashi kamar igiya. Ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu. Na Bidi in yana hutawa 36 ne, ya ce daga 28 zuwa 44 duk daidai ne. Na sha wuya kafin na iya, don da zarar na samo wurin sai ya fara tauna.

Asabar, 1 ga Maris (1 ga Ramadan)

An tashi da azumi. Hazo ya tafi, zafi ya fara. Na mai da fita bayan sallar asuba, da gari ya ɗan yi haske, mu dawo kafin rana ta yi ƙarfi. Da yamma ni kaina ba ni da ƙarfin riƙe shi.

Sassarfa ta farko: minti biyu, a miƙe, ba kwana, bayan tafiyar minti 20. Kansa bai gyaɗa ba, takun daidai. Minti goma bayan mun tsaya bugun ya sauko 48.

Lahadi, 9 ga Maris

Tafiya minti 40, sassarfa minti biyu sau uku. An mayar da dawa rabin kwano. Baya ya fara cikowa, gashi ya fito a wurin mikin, sai dai fari ne, kuma haka zai zauna.

Alhamis, 13 ga Maris

Wannan karon ba ni da wanda zan ɗora wa.

Jiya da safe muka haɗu da samari su biyar sun fito kilisa, shirin Sallah. Muka gaisa, ɗayansu ya ce, “Alhaji, ashe Bidi ya tashi! Ai ko bara bai yi wannan kyan ba.” Suka saki dawakansu. Bidi ya ɗaga kai ya yi haniniya, ya fara rawa a wuri ɗaya, ni kuma zuciya ta ce ɗan kaɗan dai. Na sassauta hannu. Ba mu yi nisa ba, bai fi tsawon filin ƙwallo uku ba, amma a kan gonar da ta bushe ta yi tauri, ga kunya-kunya. Gaskiya na ji daɗin da na manta da irinsa. Ko haki bai yi ba. Na dawo gida ina cewa a raina likita ya cika tsoro.

Yau da asuba Baba ya riga ni shiga barga. Na same shi tsugune. Ya ce, “Malam, zo ka taɓa.” Ta dama sanyi, ta hagu ɗumi, kuma ramin nan da ke tsakanin jijiya da ƙashi ya ɗan cike. Ba ya ɗingishi. Baba ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, “Mahaifinka ma haka yake, sauri ya haifi nawa.” Ban ce uffan ba.

An tsayar da hawa. Sanyaya ƙafa minti 20 sau biyu a rana. Ruwan rijiya a wannan zafin bai da sanyin kirki, sai ƙanƙara, ƙanƙara kuwa a watan azumi sai ka yi layi da masu shirin buɗa baki. Mai sayarwa ya tambaye ni ko baƙi muka yi, na ce masa doki ne, ya kalle ni bai sake magana ba. Muna farfasa ta a cikin tsohuwar safa a naɗe ƙafar.

Litinin, 17 ga Maris

Likita ya zo da na'urar hoto ya duba jijiyar. Babu sabuwar yagewa, tsohon wurin ne ya motsu. Ya nuna mini a allon: zaren jijiya mai lafiya a jere yake kamar an taje, na wurin ciwon kuwa har yanzu a hargitse. Ya ce naman da ke cike wurin bai kai na asali ƙarfi da talewa ba, kuma tafiya mai tsawo a hankali ce ke sa zaren ya jeru, sukuwa tsinka shi take yi. Ɗumin ya tafi tun jiya. Mako ɗaya ja da hannu, sannan hawa da tafiya, sassarfa sai bayan Sallah.

Hoto N25,000, ƙanƙarar kwana biyar N10,000.

Asabar, 22 ga Maris

An aiko daga gidan hakimi ana ƙidayar dawakan da za su fita a tawagarmu. Na ce a ba ni kwana biyu.

Na yi ta juya abin. Wani zai ce ai hawan Sallah tafiya ce, ba tsere ba, kuma tafiya ita aka yarda masa. Amma wanda ya taɓa hawa ya san ba haka ba ne. Tun hantsi doki na ɗaure da kaya, sirdin katako, jalala, kayan kai, ga ni da rawani da alkyabba. Awa huɗu ko biyar cikin rana, yawanci a kan kwalta, ingarmu na gugar juna, ga tambura da algaita, ga harbin 'yan bindiga da ke tashi ba sanarwa. Doki irin Bidi ba tafiya yake yi a wurin nan ba, rawa yake yi da ƙafar gaba. In an iso ƙofar fada kuma aka zo jafi, ba ni da tabbacin zan riƙe shi. Ba ni ma da tabbacin zan riƙe kaina, ranar 12 ga wata ta nuna mini.

Baba na ɓangaren a fita. Tun da ya ji a rediyo a watan Disamba cewa UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya yake mita, wai mu na Zazzau da ke da Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe me muka rasa. A ganinsa shekarar nan ba ta zaman gida ba ce. Na ce, “Baba, kai ne fa ka fara jin ɗumin nan.” Ya ce shi ya ji, amma turken gidan nan bai taɓa zama da doki ranar Sallah ba.

Talata, 25 ga Maris

Hawa minti 20, tafiya. Ƙafa sanyi safe da yamma. Bugun hutu 36.

Alhamis, 27 ga Maris (27 ga Ramadan)

Na je gidan hakimi da kaina bayan tarawihi na ba da haƙuri. Bidi ba zai fita ba. An ce akwai wani akawal da mai shi ya tafi Umara, in ina so in hau. Na karɓa, ranar Sallah kawai. Ƙanena zai zauna gida da Bidi, don in ya ji tambura zai yi ta haƙar ƙasa yana fizgar turke. Za a mayar da shi rumfar bayan gida tun daren jajibiri, a cika masa harawa, babu dawa kwana ukun nan, a ja shi da hannu da asuba kafin gari ya ɗauki hayaniya.

Na tara lissafi daga 4 ga Janairu zuwa yau, ban da abinci da haƙƙin Baba: N165,000. A ciki N98,000 na ranar Kufena ne da ranar kilisa.

Tsarin gaba, in Allah ya kai mu. Makon farko na Afrilu a dawo sassarfa minti biyu, a ƙara minti biyu duk mako in ƙafa ta kwana da sanyi. Kofato a mako na biyu. Tsakiyar wata a gwada sirdinmu minti 15, a duba baya. Farkon Mayu a sake hoto, kuma ba sukuwa sai likita ya gani ya ce to. In ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi zai taimaka, sai dai a kiyayi taɓo da santsi. Babbar Sallah farkon Yuni ce. Ban yi wa gidan hakimi alkawari ba, na ce hoton Mayu ne zai faɗa.

Baba ya fito da jalala da kayan kai ya shanya, ya ce ko akawal ɗin aro ne ba zai fita da kayan wani gida ba. Gobe za mu je mu gwada masa sirdi.